Jitar Misisipi a Kunnen Mutumin Garwa

Akwai wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka da ake kira buluz. Nakan ja harafin ƙarshe sosai idan ina faɗa a rediyo, don kada a ɗauka wani Bulus nake gaisarwa. Reshensa mafi tsufa shi ne na karkara: mutum ɗaya, jita ɗaya, ba ganga, ba 'yan amshi. Duk daren da na sa irin waɗannan tsofaffin faya-fayai a shirina, kiran da ke shigowa daga Garwa da Pitowa da Gidar, har da ƙetaren iyaka wajen Yola, kusan magana ɗaya yake ɗauke da ita. Wani ya ce molo ya ji, wani ya ce garaya ce, dattijai mata kuma su ce muryar ta tuna musu da waƙar niƙa. Yawancinsu ba sa jin Turancin da ake rerawa, amma kowa ya tsinci wani abu nasa a ciki. Wannan ji ba ruɗu ba ne. Yana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin a nan Kamaru aka tono shi. Sai dai kamar tana da iyaka, iyakar ma abin sani ce.

Bari mu fara daga inda kiɗan ya tashi. An soke bauta a Amurka a 1865, amma 'ya'yan bayi da jikokinsu da yawa ba su bar gonakin auduga ba. A jihar Misisipi akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laka tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazu, ana ce mata Delta. A can mai gona zai ba ka fili da iri da alfadari, ya ba ka abinci bashi, idan kaka ta yi a zauna lissafi, kuma littafin lissafin a hannunsa yake. Mutumin arewacin Kamaru da ya san noman auduga, ya san bashin taki, ya san faɗuwar gaban ranar awo, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A daren Asabar leburorin gona sukan taru a wani ɗakin katako a ci soyayyen kifi a yi rawa, mai jita guda ya raba dare yana yi musu kiɗa. Jita ta yi araha a lokacin, domin kamfanoni irin su Sears suna aiko da ita ta gidan waya har ƙauye.

Wani mawaƙi mai ilimin rubuta kiɗa, W. C. Handy, ya ba da labarin cewa wajen 1903 yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler sai ya ji wani talaka yana waƙa, yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin jitarsa. Mai karatu ya riƙe wannan wuƙa, za mu dawo kanta.

Da daɗewa kamfanonin faifai ba su san baƙar fata na sayen faifai ba. Sai a 1920, da waƙar Mamie Smith ta yi kasuwa, suka farga. A 1923 Sylvester Weaver ya naɗi jita zalla, a 1926 kuma faya-fayan wani makaho ɗan jihar Texas, Blind Lemon Jefferson, suka nuna cewa mutum ɗaya da jitarsa zai iya cika aljihun kamfani. Daga nan aka shiga farautar makaɗan ƙauye. Kamfanin da ya fi kwasar su, Paramount, asalinsa reshe ne na wani kamfanin yin kujeru a jihar Wisconsin. Kujerun sai ka yi katakon garmaho, garmaho kuma sai da faifai, ka ji yadda aka yi masu kujera suka zama masu waƙa. Kayan da suke zuba faifan da su masu arha ne, shi ya sa ko sabon faifan Paramount yana shuu kamar ana yayyafi a kan kwano. Faifan yana juyawa sau 78 a minti, kowace fuska ba ta wuce minti uku da 'yan kai ba. Mutumin da ya saba jan waƙa ɗaya rabin sa'a a wurin rawa, sai aka ce ya dunƙule ta a minti uku. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tsayar da mai kalangu don lokacin labarai ya yi, ya san wuyar abin.

To, me ake saurara a cikin wannan yayyafi? Ni shawarata ga sabon kunne ita ce ya ƙyale kalmomin, ya bi babban yatsa. A jitar karkara hannun dama aiki biyu yake yi a lokaci guda. Babban yatsa yana kan tsirkiyoyi masu kauri, yana riƙe da tafiyar kiɗan kamar mai daka. Manuniya da ɗan'uwanta suna kan sirara, suna ba muryar mawaƙin amsa. Wato 'yan amshin da muka ce babu, suna nan, a cikin yatsu suke. Mawaƙi ya jefa ɗango, ya yi shiru, jita ta karɓa. Wani lokaci ma ba ya ƙarasa maganar, sai ya bar wa tsirkiya ta faɗi kalmar ƙarshe.

Charley Patton, wanda ya tashi a gonar Dockery kuma aka fara naɗarsa a watan Yuni na 1929, shi ne ya fi kusa da makaɗin fage a wurina. Yana fizgar tsirkiya mai kauri ta daki itace ta yi ƙara, yana buga cikin jitar da tafin hannu, muryarsa a dishe kamar ta sanƙira bayan hawan salla. Waƙoƙinsa labarin gari ne: ƙwaron da ke cinye auduga, ɗan sandan da ya kama shi, da babbar ambaliyar kogin Misisipi ta 1927, wadda ya yi wa waƙa mai fuska biyu mai suna "High Water Everywhere". Mu da muka ga abin da Binuwai ta yi a 2012, lokacin da ruwa ya cika madatsar Lagdo, ba ma buƙatar tafinta don mu ji firgicin da ke cikin muryar nan. Patton ya rasu a 1934.

Son House, abokin yawonsa, wani iri ne. Mai wa'azin coci ne da ya koma kiɗa, ya yi ta kai da komowa tsakanin biyun, kuma ana jin wannan kokawa a yadda yake dukan jita kamar yana da bashi a kanta. Shi ne gwanin wuƙar nan da na ce a riƙe, sai dai shi da takwarorinsa sukan sa wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe a yatsa. Dalilin dabarar shi ne wannan. Wuyan jita yana da ƙananan ƙarafa da aka gindaya, kowane ƙarfe mataki ne na murya, kuma Turawa ne suka auna matakan. Muryar mawaƙin Delta kuwa ba ta tsayawa a kan matakan nan, takan zame ta tsaya a tsakaninsu. Idan ka ɗora kwalba a kan tsirkiya kana jan ta, ƙarafan sun tashi aiki ke nan, sai jita ta iya bin murya duk inda ta lanƙwasa. Mai goge bai taɓa samun wannan matsala ba, domin gogensa ba shi da ƙarfe ko ɗaya. Haka molo, haka gurmi, haka kuntigi. Abin da ɗan Misisipi ya yi da wuyan kwalba shi ne ya mayar da kayan kiɗan Bature mara matakai, kamar namu. Wanda yake son jin ƙarshen abin ya nemi "Dark Was the Night, Cold Was the Ground" na Blind Willie Johnson, wanda aka naɗa a Dallas a ƙarshen 1927. Babu kalma a ciki, nishi ne kawai da gurnani da kukan tsirkiya. A 1977 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta sa shi cikin faifan zinariya da ta liƙa wa kumbunan Voyager. Makahon da ya mutu cikin talauci, ga muryarsa can ta wuce duniyoyin da ke kewaya rana.

Skip James na garin Bentoniya ya naɗi waƙoƙi 18 a 1931, da wani ɗaurin tsirkiya na daban mai sa jita ta yi sanyi da duhu, ga siririyar murya can sama. Ba na sa shi da wuri, sai dare ya raba. Shi kuwa Mississippi John Hurt na garin Avalon, wanda aka naɗa a 1928, babban yatsansa yana tafiya tsakanin tsirkiya biyu, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa kamar masaƙi. Daɗinsa ba a magana, amma a nan kunnenmu ya fi jin baƙunta, domin salon nasa da na makaɗan gabashin Amurka irin su Blind Blake ya ɗebo da yawa daga kiɗan fiyano. Robert Johnson shi ne ya fi kowa suna, da waƙoƙi 29 da ya naɗa a 1936 da 1937 kafin ya mutu a 1938 yana ɗan shekara 27. Labarin da ake yaɗawa cewa ya sayar da ransa ga Shaiɗan a mararraba ba ya burge ni. Mu ma nan duk makaɗin da ya gagara sai a ce aljanu suka ba shi. Wanda ya saurari Son House da Skip James da Lonnie Johnson kafin ya saurare shi zai gane cewa yaron kunne gare shi, ya zauna da faya-fayan magabata ya kwashe.

Yanzu mu dawo gida. Da farko masu neman asalin kiɗan baƙaƙen Amurka gangunan bakin teku suke dubawa, na Yarabawa da Ashanti da Dahomey. Wannan ya dace da Kuba da Haiti da Barazil, inda ganguna suka rayu. Amma buluz na karkara ba shi da wannan saƙar ganguna. Wani Bature ɗan Ingila, Paul Oliver, a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, ya ce a daina duban kurmi, a dubi ƙasashen ciyawa na arewa, inda maroƙi ke yawo shi kaɗai da abin tsirkiyarsa. Ya kuma tuna cewa a wasu sassan Amurka an hana bayi ganga, kamar dokar Karolina ta Kudu ta 1740 da ta biyo bayan boren bayi na Stono, alhali ba a hana su abin tsirkiya ba. Wanda ya zo da ilimin goge ko na molo yana da hanyar ci gaba da sana'arsa, mai ganga kuwa an karya masa hannu.

Wanda ya kawo maganar har ƙofar gidanmu shi ne Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya. A 1964 ya ratsa Kamaru da na'urar ɗaukar murya, kuma a littafinsa Africa and the Blues na 1999 ya jera wasu abubuwan da ya naɗa a nan kusa da tsofaffin faya-fayan Misisipi. Akwai wata mata 'yar ƙabilar Tikar tana niƙa a kan dutse tana waƙa ita kaɗai, ya ajiye ta kusa da wata mawaƙiya mai suna Mississippi Matilda. Akwai kuma wani Bahaushe mai goge da aka rubuta sunansa Meigogué, wanda duk mai jin Hausa zai gane "mai goge" ne aka rubuta da hannun Faransanci. Shi kuma ya ajiye shi kusa da Big Joe Williams, wanda a naɗinsa na 1935 akwai mai goga wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tal a bayansa. Abin da Kubik ya ce ya haɗa su: waƙar mutum ɗaya, matakan murya biyar, murya mai karkarwa da lanƙwasa a kan gaɓa guda, da sauti ɗaya da ake komawa kansa kullum kamar turke. Ya ce igiya biyu ce ta haɗu. Ɗaya tsohuwar waƙar aiki ce ta manoman yankin, irin ta matar nan mai niƙa. Ɗayar kuma salon rera murya ne na garuruwan da Musulunci ya daɗe a cikinsu, irin na Hausawa da Fulani da Barebari. Ashe dattijan da ke ce mini sun ji waƙar niƙa, da masanin Ostiriya, abu ɗaya suka ji.

Akwai shaida ta kayan kiɗa ma. Banjo, wanda baƙaƙen Amurka suka riƙe tun kafin jita ta zo hannunsu, asalinsa ƙwarya ce ko duma da aka rufe da fata aka soka mata sanda, da gajeriyar tsirkiya guda ta babban yatsa. Wannan gini dangin akontin na Jola ne, da ngoni na Mali, da hoddu na Fulani, da molo da gurmi namu. Yaran Misisipi kuma sukan kafa waya ɗaya a jikin bangon katako, su ɗaga ta da kwalba, su riƙa kaɗawa suna jan wata kwalbar a kanta. Da yawa daga manyan makaɗan da wannan suka fara. Ɗan Maraya Jos ya nuna wa duniya abin da tsirkiya ɗaya za ta iya, da kuntiginsa da bai fi tafin hannu biyu ba.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa kai tsaye buluz namu ne, an sace mana. Lissafin shekaru bai ba su gaskiya ba. Jihadin Shehu Usmanu ya fara a 1804, kuma yaƙe-yaƙen wannan zamani ne suka tura Hausawa da yawa bakin teku a matsayin bayi. Amurka kuwa ta haramta shigo da bayi daga farkon 1808. Saboda haka mafi yawan Hausawan da suka ƙetare teku a lokacin Bahiya ta Barazil aka kai su, inda suka yi bore a 1807 da 1814, aka kuma yi babban boren Musulmi a 1835. 'Yan ƙasashen ciyawa da suka isa Amurka galibi ta Senegal da Gambiya suka fita, tun kafin nan. Misali sananne shi ne Abdurrahman Ibrahima, Bafulatanin Futa Jalon ɗan sarauta, wanda ya yi shekara kusan 40 yana bauta kusa da Natchez a jihar Misisipi kafin a sake shi a 1828. Wato dangantakar ta 'yan uwan nesa ce. Salon ya shimfiɗu daga Senegal har tafkin Chadi, wasu suka tafi da shi ta yamma, mu muka zauna da shi a gabas. Kuma tsakanin jirgin bayi na ƙarshe da faifan Patton na farko akwai zuriya bayan zuriya, da coci, da Turanci, da jirgin ƙasa, da wulaƙancin wariyar launi. Waɗannan ne suka haifi buluz, ba a Adamawa aka yi su ba. Sannan duk ɗan yankin nan da zai bugi ƙirji da gadon bayi, ya kamata ya tuna cewa lamidodin Fombina, tun daga zamanin Modibbo Adama wanda ya rasu a 1847, su ma sun kama bayi sun sayar. Ba daga gefe ɗaya na labarin kawai muke ba.

Ali Farka Toure na Niafunke a Mali, wanda ya rasu a 2006, shi aka fi kafa hujja da shi. Ya fara da ƙananan kayan gargajiya masu tsirkiya ɗaya kafin ya ɗauki jita, kuma da ya ji faya-fayan John Lee Hooker ya ce ya ji kiɗan gida. Gaskiya ne Hooker yakan zauna a kan sauti ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshe yana buga ƙafa, kamar mai garaya. Amma ruwan ya gudana ta hanya biyu: shi ma Ali Farka ya saurari Amurkawan, ya ɗauka. A Garwa ma haka aka yi. Marigayi Ali Baba ya gauraya kiɗan arewa da na baƙaƙen Amurka na zamaninsa, Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal kuma suka ɗora waƙar Fulfulde a kan kayan zamani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin nan shi ne takarda. Yau zan iya gaya maka watan da aka naɗi Patton da garin da aka yi. Na san cewa a 1941 Alan Lomax ya naɗi Son House a wani kanti a Lake Cormorant don Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, har ana jin jirgin ƙasa yana wucewa a bayan waƙar. A wannan shekarar shi da John Work suka sami wani direban tarakta a gonar Stovall, wanda duniya ta sani daga baya da suna Muddy Waters. Da Samuel Charters ya fitar da littafinsa The Country Blues a 1959, samari suka bazama da tsofaffin faya-fayai a hannu suna bin sunayen garuruwa. Sunan Avalon da ke cikin wata waƙa shi ya kai su ƙofar John Hurt a 1963. A 1964 aka samo Skip James a gadon asibiti, aka samo Son House a Rochester ya daɗe da ajiye jita. Ba don kamfanonin sun mutunta su ba ne. Paramount ta durƙushe a farkon shekarun 1930, ƙarafan da ake buga faya-fayanta da su aka sayar a matsayin bola, wasu waƙoƙin kwafi ɗaya ko biyu suka rage a duniya. Amma an rubuta suna da lamba a jikin kowane faifai, sai mai nema ya sami bakin zare.

Mu fa? Wasu baƙi sun yi mana wani ɓangare na aikin. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Veit Erlmann ya zauna da wambaaɓe, wato maroƙan Fulani, a yankin Marwa a shekarun 1970. Manyan da suka yi suna a Najeriya, irin su Garba Supa, da Haruna Uji mai gurmi, da Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam masu kukuma, ana samun muryoyinsu. Amma jeka wurin masu tura waƙa a waya a kasuwar Garwa ka ce a ba ka tsohon molo ko garaya ta wannan yanki. Za a ba ka, sai dai sunan da ke kan waƙar "tsohuwar waƙa 14" ne, ko "garaya mai daɗi". Ba sunan makaɗi, ba gari, ba shekara. Daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma daga wani kaset, an yar da kwalin da ke da rubutu. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo na tarar da faya-fayan zare jibge cikin ƙura da zafin watan Afrilu, wasu sun manne da juna, kuma babu na'urar da za ta juya su ko da an so ji.

Shi ya sa idan mai molo ko mai garaya ya shigo shirina, kafin ya taɓa tsirkiya sai ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, da garinsu, da wanda ya koya masa, da sunan taken da zai kaɗa, ni kuma in faɗi kwanan wata. Sannan nakan roƙe shi ya kaɗa kowace tsirkiya ita kaɗai, a sake, daga mai kauri zuwa siririya, don wanda zai saurara nan gaba ya san yadda aka ɗaure ta. Wasu sukan yi dariya su ce ai wannan ba kiɗa ba ne. Duka-duka ba ya cin minti ɗaya.